Motar haya a Faransa: tara na bin mutum har gida

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ɗauki motar haya a Faransa, ya ce da kansa zai tuƙa, to ya sani babu jandarman da zai roƙa. Tun 2003 aka kakkafa na'urorin auna gudu a bakin hanyoyi. Ba su tsaida kowa, lambar mota kawai suke ɗauka hoto. A yawancin titunan Faris kuwa, tun 2021 ba a wuce kilomita 30 a sa'a, gudun da ɗan kabu-kabu ma zai raina.

Kamfanin haya takardar tara take fara iskewa. Shi kuma ya miƙa wa hukuma sunan direba, ya cire ladan ɗawainiyarsa daga katin bankin da aka ba shi jingina. Sau da yawa matafiyi ya koma Maraɗi, har ya raba tsaraba, kafin labari ya same shi.