Daga Nasarawa Gwom zuwa bakin teku

Ranar da na ce zan ɗauki iyalina a mota mu tafi Kalaba a hutun makaranta, yayata ta ajiye abin da take yi ta dube ni. "Kai da hankalinka," in ji ta, "ka kwashi yara ka kai su Kudu?" Ban ga laifinta ba. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, sun taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka kashe su a bakin titi. Wanda ya ji wannan labari ya ce bai tsorata ba, ƙarya yake yi.

Amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Lokacin da nake yaro, layinmu akwai Ibo mai shagon magani, akwai Bayarabe tela, akwai Birom da Jarawa, ana kai wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Rikicin Jos na Satumban 2001 ya fara raba mu, na 2008 ya ƙara, na Janairun 2010 kuwa a gefenmu ya tashi, wajen Dutse Uku. Kowa ya kwashi kayansa ya koma cikin nasa. 'Ya'yana bayan nan aka haife su. Ɗan Kudu a waya suka san shi, a bidiyon da ake yaɗawa ranar da aka yi ɓarna, kuma yaron da ya tashi a haka duk abin da aka faɗa masa zai yarda.

Muka yi sammako bayan Asuba. Muna gangara Hawan Kibo sanyin Jos ya sake mu, kafin Lafiya an tuɓe rigunan sanyi. Muka haye gadar Binuwai a Makurdi, muka bi ta Gboko da Ogoja, muka kwana a Ikom, domin ban yarda da tafiyar dare ba, kuma ba na ba kowa shawarar yin ta. Shingayen jami'an tsaro sun yi yawa, ramukan hanya sun fi su.

A Kalaba unguwar Bogobiri muka sauka, inda Hausawa suka daɗe da zama, da masallacinsu da masu tsire da 'yan canji. Wani dattijo da muka gaisa bayan Magariba, da ya ji daga Jos muke, ya ce da ɗana, "Yaro, dankalin garinku muke ci a nan." Gaskiya ya faɗa. Manyan motocin da ake lodawa a kasuwar Farin Gada da tumatir da kabeji da karas, Kudu suke nufa, su dawo da manja da gari. Direbobi da 'yan kasuwa sun san ƙasar nan ciki da bai. Matanmu da 'ya'yanmu ne muka bari a gida da jita-jita.

Kalaba a bakin kogi take, don haka sai da muka haye gadar Itu, muka ratsa Uyo da Eket, kafin muka isa Ibeno inda tekun Atilantika yake. Ƙaramar 'yata ta tsaya cak, ta riƙe zanen uwarta, ta ce, "Baba, ina ƙarshensa?" Wata mai gasa kifi, da ta ga uwargida na neman inda za ta yi alwala, ta ɗebo mata ruwan daɗi daga jarkarta, ta share mata wuri a bayan rumfa. Ba ta jin Hausa, mu ba ma jin yarenta. Can gefe tashar ɗanyen mai ta Qua Iboe ce, masunta kuma na kukan malalar mai da ke kashe musu kifi. Babban ɗana, wanda a makaranta kawai ya san arzikin man fetur, ranar ya ga mutanen da ke zaune a kansa cikin talauci irin namu.

Tun da muka dawo nake tunanin hakkin matafiyi. Addininmu ya sa shi cikin mutum takwas da ake ba zakka, ko da mai arziki ne a garinsu, saboda wanda ke kan hanya ba shi da dangi sai wanda ya tarar. Mu a Filato mun ci amanar wannan hakki. A Agustan 2021 aka kashe matafiya fiye da 20 a hanyar Rukuba, sun fito daga Bauchi za su jihar Ondo. A kwanakin da suka biyo baya aka riƙa tare masu wucewa da sunan ramuwa, har da ɗaliban Jami'ar Jos da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ba zan iya yin kuka da Uromi in yi shiru a kan wannan ba, bayan na ga yadda baƙuwar fuska ta ba matata ruwan alwala.

Yara sun kawo wa gwaggonsu kwanson teku cike da leda. Ta juya su a hannu, ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta tambaye ni nawa na kashe a mai, kuma ko motar za ta ɗauki ɗanta in za mu koma.