Duwatsunmu na nan bayan gida, amma wa ya san sunansu?

Yau ba zancen farashin hatsi na kawo muku ba.

Lokacin da muke koleji mun haddace tsawon Mont Blanc, mita 4807, har yau yana kaina. Amma ran Lahadin da ta wuce na hau wani dutse a Kutus, wajen Kelle, sai ga ni tsaye a samansa ban san sunansa ba. Wani dattijo makiyayi ne ya faɗa mini da Barbarci, ya ce ko jikokinsa ba su riƙe shi ba. Wallahi na ji kunya.

A Sikotilan, arewacin Birtaniya, wani mai suna Hugh Munro ya jera duwatsun ƙasarsu da suka kai ƙafa 3000, wato mita 914, tun 1891. Yau 282 ne cikin lissafin. Mutane na bin su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa da sanyi, har waɗanda mota ba ta zuwa gindinsu. Namu ba su kai nasu tsawo ba, na sani. Amma fa Bajamushe Heinrich Barth, da ya biyo ta Gure a 1852, sai da ya rubuta labarin duwatsun Muniyo. Baƙo ya rubuta, mu ƴan gida muna wucewa bisa babur.

Wani zai ce hawan dutse aikin wanda ya ƙoshi ne. To, hau ka gani. Daga sama ne ido ke nuna maka inda aka sassare itace ƙasa ta yi fari fat, da yadda rairayi ke cin gonaki sannu a hankali. Rairayin nan ne ke barazana ga kwarurukanmu na dabino da kanwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa dogon darasin hamada a allo ba.

Ba ƴan yawon buɗe ido nake jira ba. Roƙona ga malaman lakwal da ma'aikatar magajin gari shi ne, in sanyi ya shigo, Disamba ko Janairu, a fita da ɗalibai. A fara gaida mai gari, a ɗauki ɗan jagora, a tafi da ruwa isasshe (ni nawa ya ƙare tun kafin azahar, ban ji da daɗi ba). A ɗauki muryar tsofaffi a salula suna faɗin sunan kowane dutse da labarinsa.

Wanda ya san sunan dutsen garinsu ya rubuto a ƙasa, zan karanta a shirinmu.