Kansar fata: Me saka man kariya daga rana cikin jerin magungunan WHO zai sauya wa zabaya?

A watan Satumban 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sabunta jerin muhimman magungunan da take ba ƙasashe shawarar kada a rasa su a asibitoci. Hankalin kafafen yaɗa labarai ya fi karkata ga sababbin magungunan kansa da na ciwon suga. Amma a cikin jerin akwai wani abu da mutane da yawa ba sa ɗaukar sa a matsayin magani: man shafawa mai kare fata daga rana.

A shagunan Kano ko Abuja ko Yamai, ana jera wannan man ne tare da hoda da turare, kuma farashinsa na kayan ƙawa ne. Ga zabaya kuwa, samunsa ko rashinsa na iya zama abin da zai raba tsawon rai da mutuwa a ƙuruciya.

Me ya sa zabaya suka fi shiga haɗari?

Fatar ɗan'adam na samar da wani sinadari mai suna melanin. Shi ke ba fata da gashi da ido launi, kuma shi ke tare wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Jikin zabiya ba ya samar da isasshen melanin, don haka wannan haske yana ratsa fatarsa yana lalata ƙwayoyin halittarta.

Zabiyanci gado ne. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, ko da su baƙaƙe ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba a ɗaukar sa ta cuɗanya, kuma ba laifin uwa ba ne.

Yanayin ƙasa ma na ƙara wa lamarin tsanani. WHO na ba da shawarar a fara kare fata da zarar ma'aunin ƙarfin UV ya kai 3. A yankin Sahel, ma'aunin yakan kai 11 ko ya wuce da tsakar rana a watanni da dama na shekara, matakin da ake ɗauka mafi tsanani. Gajimare da hazo ba sa tare hasken gaba ɗaya.

Ɓarnar tana taruwa ne a hankali tun daga yarinta. Da farko ƙunar rana ce. Daga baya wasu wurare a fuska, kunne, leɓe, wuya da bayan hannu su yi kaushi suna ɓawo. A wannan mataki likitan fata na iya daskarar da wurin da wani ruwa mai tsananin sanyi cikin 'yan mintuna. Idan aka bari, wurin na iya zama gyambon da ba ya warkewa, ya ci nama har ya kai ƙashi. Daga nan sai tiyata ko gashi, wani lokacin ma an makara.

Abin da matakin WHO ke nufi

Jerin na WHO ba doka ba ne. Kowace ƙasa ce ke tsara nata jerin, kuma shi ne ke tasiri a kan abin da gwamnati za ta saya, abin da inshorar lafiya za ta biya, da irin harajin da za a ɗora a kan kaya. Matuƙar ana lissafa man a cikin kayan kwalliya, ana shigo da shi da dala, tsadarsa za ta ci gaba da bin tashin farashin canji.

Kuma ba abu ne da ake saya sau ɗaya ba. Ana so a shafa mai lambar SPF 50 ko fiye a duk inda tufafi bai rufe ba, a sake shafawa duk bayan awa biyu idan ana waje, haka nan bayan gumi ko wanke fuska. Mai alwala sau biyar a rana ya san abin da hakan ke nufi ga kwalba guda.

Najeriya ta taɓa gwada ɗaukar nauyin yi wa zabaya maganin kansar fata kyauta a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan fafutukar gidauniyar Albino Foundation da Jake Epelle ya kafa a 2006. Ƙungiyoyin zabaya sun sha kokawa cewa shirin na tsayawa saboda rashin kuɗi. Ko a lokacin da yake aiki, yana kama cutar ne daga ƙarshe, kuma sai mara lafiya daga Sakkwato ko Maiduguri ya nemi kuɗin mota da masauki kafin ya amfana.

Tanzaniya ta bi wata hanya daban. A garin Moshi ana haɗa wani man kariya mai suna Kilisun a cikin gida, ana raba wa zabaya kyauta. Ƙungiyar Standing Voice kuma na gudanar da zagayen duba fata a Tanzaniya da Malawi, inda ma'aikatan lafiya ke komawa wurare a kai a kai. A zama ɗaya ake duba mutum, a kashe tabon da ya fara, a ba shi mai da hula.

Malafa kafin kwalba

Man shafawa shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma mafi arhar kariya na nan a kasuwannin ƙauye. Malafa mai faɗin baki na rufe fuska da kunne da ƙeya, wuraren da hular kuɓe ko hana-sallah ke bari a buɗe. Riga mai dogon hannu mai kaurin saƙa, hijabi, lema da tabarau duk kariya ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne neman abinci. Rana ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin noma, kiwo, talla da acaɓa. Zabaya da yawa na da raunin gani, kuma yaron da ba ya hango allo, aka kuma bar shi a bayan aji ana tsokanar sa, yakan bar makaranta ya koma aikin rana. Zaunar da shi a sahun gaba da ba shi damar sa hula da doguwar riga a makaranta na cikin riga-kafin kansa.

Matsalar aiki a rana ba ta zabaya kaɗai ba ce. A Nuwamban 2023, WHO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na mace-macen kansar fata da ba nau'in melanoma ba na da nasaba da aiki a ƙarƙashin rana, inda kusan mutum 19,000 suka mutu ta wannan hanya a 2019.

Rawar da waya ke takawa

Likitocin fata ba su da yawa, kuma galibi suna manyan asibitocin koyarwa. Wannan giɓi ne zaurukan WhatsApp da Facebook ke cikewa. A nan uwar da ta haifi zabiya na farko ke jin yadda wasu iyaye suka yi, a nan ake sanar da ranar raba mai ko duba fata kyauta, a nan ake haɗa gudunmawar kuɗin tiyata. Ga wanda shi kaɗai ne zabiya a garinsu, samun masu irin halinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ta wannan ƙofar masu tallan maganin "daji" ke shigowa. Hoto ba ya tabbatar da kansa. Sai an yanki ɗan nama an gwada. Watannin da aka ɓata ana shafa haɗe-haɗe a kan gyambo su ne watannin da ƙaramar tiyata za ta iya wadatarwa. Haka nan man kariya daga rana daban yake da man bilicin, wanda wasu nau'o'insa ke sa fata ta yi rauni. Zauren da ya fi amfani shi ne wanda ke da ma'aikacin lafiya a ciki, mai tura mutane asibiti da wuri.

Akwai kuma manhajar SunSmart Global UV, wadda WHO da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar a 2022. Kyauta ce, tana nuna ƙarfin UV na inda mutum yake da awannin da ya kamata ya nemi inuwa.

Baƙar fata ma ba ta tsira ba

Kansar fata ba ta yawaita a baƙar fata, amma idan ta zo akan gano ta a makare. Takan ɓulla a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, ko a tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya daɗe. Mawaƙin Jamaika Bob Marley ya rasu a 1981 yana da shekara 36, sakamakon melanoma da ta fara a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa. Tabon da ke girma ko sauya launi, da ciwon da ya yi makonni bai warke ba, duk na buƙatar idon likita.

Tun 2015 ake bikin ranar zabaya ta duniya a duk 13 ga Yuni, kuma jawabai ba su taɓa yin ƙaranci ba. Abin da za a zuba wa ido yanzu shi ne ko ma'aikatun lafiya za su saka man a jerin magungunansu na ƙasa, su rage masa haraji, su kai shi ƙananan asibitoci, su kuma horar da ma'aikatan karkara su gane tabon farko. Duk wannan bai kai kuɗin injin gashi guda ɗaya wahalar samu ba, kuma jihohi na iya farawa ba tare da jiran Abuja ba.