An Sayi Doki, Ina Mahayi?

Jama'a, a shekarar 2025 mun ji kiɗa da guɗa wai an buɗe sababbin cibiyoyin maganin ciwon daji a Katsina da Inugu da Binin. Madalla. Ba mu ƙin alheri ko daga hannun wa ya fito. Amma muna da tambaya ɗaya da muke so mahukunta su amsa mana a fili: wane ne zai riƙe waɗannan injuna? An sayi doki, an ɗaura masa sirdi, to ina mahayin?

Bari mu fayyace wa talaka yadda abin yake. Injin gashi yakan harba haske mai ƙarfi ya ƙone ciwon daji a cikin jiki. In hasken ya gaza, ciwon ya dawo. In ya wuce kima, ya ƙone nama mai lafiya. Wanda ke auna wannan, ya zana iyakar ciwon, ya yanke kwana nawa za a yi ana gashi, shi ne ƙwararren likitan gashi, tare da masanin awon haske da mai sarrafa injin. Kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar wannan magani.

To, ta yaya ake samun irin wannan likita? Yaro ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi 1 yana sanin makamar aiki a asibiti, ya yi 1 ta bautar ƙasa. Sa'an nan ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbi a asibitin koyarwa da aka amince da shi. A can zai yi shekara 5 ko 6, ya ci jarrabawa kashi na ɗaya, ya rubuta kundin bincike, ya ci kashi na biyu, a gaban Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko kuwa Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Ku lissafa da kanku: shekara 13 ke nan, in ba a sami tangarɗa ba. Watau yaron da ya shiga jami'a a 2025 ba zai zama gwani ba sai 2038. Inji ana sayo shi da takardar kwangila ɗaya, amma likita renonsa ake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ce mana abin sabo ne. Tun 1973 aka kafa injin kobalt a asibitin koyarwa na Ikko, Badun ta bi a 1987, daga baya Zariya da Abuja da Sakkwato da Gwambe. Amma har shekarar 2022 likitocin gashi a Nijeriya duka ba su kai 100 ba, alhali a shekarar nan an ƙiyasta mutum wajen 127,000 ne suka kamu da ciwon daji, wajen 79,000 suka rasu. Wannan abin kunya ne ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200.

Laifin ba na yaran ba ne. Ba a koyon gashi a allo, sai a bakin inji mai aiki. In injin ya lalace, ko wuta ta ɗauke, mai koyo ya zauna hannu rabbana, watanni su wuce, jarrabawa ta zo bai ga isassun marasa lafiya ba. Matar da ke da sankarar bakin mahaifa kuwa, wadda ya kamata a yi mata gashi kwana 5 a mako ba fashi, sai ta sayar da akuyarta ta hau mota zuwa wani gari. Dokar 2017 ta ɗora wa gwamnati kuɗin horar da likitoci, amma sai da likitocin suka yi yajin aiki na wata 2 a 2021, kuma wannan kuɗi na cikin abin da suke nema. Wanda ya daure ya gama, sai Ingila ko Saudiyya ta miƙo masa hannu. Mu mu yi noma, wasu su ci girbi!

Saboda haka ga abin da muke nema:

1. Kowace kwangilar sayen inji ta zo da kuɗin gyara da na wuta da guraben masu koyo a rubuce.
2. A biya kuɗin horo a farkon shekara, ba sai an ajiye aiki ba.
3. In inji ya tsaya, a tura mai koyo wata cibiya da kuɗin gwamnati.
4. A horar da masana awon haske da masu sarrafa inji tare da likitoci, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
5. Ministan Lafiya ya riƙa buga lissafi kowace shekara: nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka fita ƙasa.

A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Nijeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. Mu dai mun faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.