KADA A SAYA MANA WUTA DA RUWAN SHANMU

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, mun san ba mai bukatar wutar lantarki kamarku. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Jega, duk rabin ribarsu a man janareto take ƙarewa. Ga kuwa iska Allah ya hore mana, ba a saye, ba a awo. Akwai injin da ke mai da ita wuta, watau doguwar hasumiyar ƙarfe mai farfela a ka. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa irinsu 37 don su ba da megawat 10. Mu ma muna so a kawo mana. Amma tun ba a zo ba, ya kamata mu tambaya: ina za a kafa su?

Gona tana da mai ita, sai an biya diyya. Filin da ba mai kuka a kansa shi ne tsohon juji na bayan gari, da kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, daga baya aka cike shi da shara. Nan idon ɗan kwangila zai fara sauka, don araha. A ƙasashen Turai ma an kafa irin waɗannan injuna bisa tudun shara. To, a nan ne haɗarin yake.

Ga yadda abin yake. Juji ba ya ɗaukar nauyi, kullum lotsawa yake yi yayin da sharar ke ruɓewa. Hasumiya kuwa tana da nauyi ƙwarai, iska kuma tana tura ta dare da rana. Saboda haka sau da yawa sai an kafa dogayen turaku na ƙarfe ko na kankare, su ratsa sharar har su taras da ƙasa mai tauri. A gindin juji akwai wani baƙin ruwa mai wari, wanda ruwan sama ya wanko daga matattun batura, da baƙin mai, da gwangwanayen maganin ƙwari, da sharar asibiti. In an yi sa'a akwai yumɓu a ƙarƙashi, shi ke tare wannan ruwa. Turke ɗaya in ya huda yumɓun nan ba tare da an toshe gefensa ba, ya buɗe wa guba hanya zuwa ruwan da rijiyoyinmu ke sha. Ban da wannan, ruɓaɓɓiyar shara tana fid da iskar gas mai kama wuta.

Ku ji abin da ya faru a birnin Hambag na Jamus. A unguwar Georgswerder akwai tudun shara mai tsawon mita 40. An daina zuba shara a 1979, mutane suka ɗauka magana ta ƙare. A 1983 sai aka tarar da wata muguwar guba, dayoksin, cikin ruwan da ke tsattsafowa daga gindinsa. Sai da aka lulluɓe tudun duka don kada ruwan sama ya shiga, aka kama jawo gurɓataccen ruwan ana tacewa shekara da shekaru. An kafa injunan iska a kansa a shekarun 1990, suka ba da wuta. Watau abin yana yiwuwa, amma da kuɗi, da awo, da tsaro wanda ba ya yankewa.

To, mu fa? Jujinmu ba shimfiɗa a ƙasa, ba murfi a sama. Rijiyar gida da ta fadama ba su da zurfi. Da ruwan nan ake ban ruwan albasar Aliero, shi ake sha a Kashin Zama da Maiyama, shi dabbobi ke sha. Mai hali ya sayi ruwan roba, talaka fa? Guba kuwa ba ta sallama. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, iyayensu ba su san abin da ke cikin ƙasar tsakar gidansu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kuma halin aikin gwamnati. Tun 2005, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka soma maganar aikin Lambar Rimi, ya shekara fiye da 10 bai kammala ba. A fili mai tsabta jinkiri hasarar kuɗi ce kawai. Amma a tone juji a bar ramin buɗe damina uku, ai an haɗa mana guba ke nan da hannu.

Saboda haka ga abin da muke nema daga mahukunta:

1. A fifita fako da tudun marmara, inda ba shara. Muna da su da yawa.

2. In lalle sai a kan juji, a auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye kafin a sa diga, a sake aunawa ana cikin aiki, a riƙa yi kowace damina bayan an gama.

3. A karanta sakamakon da Hausa a bakin kasuwa. Dokar duba illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a ikon ganin rahoto su faɗi ra'ayinsu. Rahoton Turanci da aka kulle a ofis bai biya wannan hakki ba.

4. A rubuta cikin kwangila wanda zai biya in rijiya ta ɓaci, a ajiye kuɗin tun farko.

Ku kuma 'yan'uwa, ranar da kuka ga masu awo a bayan gari, ku je ku tambaye su cikin ladabi, ku sa shugabannin kasuwa su nemi takarda. In wuta ta ɗauke, a kunna fitila a kwana. In rijiya ta ɓaci, har jikoki sai sun ɗanɗana. Allah ya ba mu wuta, ya tsare mana ruwanmu, amin.