Kokowarmu ta tsaya a fage, mu kuwa a hanya ake tare mu

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata gardama da ta ishe ni a fadojinmu na Belbeji da Tanut. Duk ranar da aka tashi zancen kare kai sai a rabu gida biyu. Gida na farko ƴan waya ne. Sun cika waya da bidiyon Bruce Lee da na Francis Ngannou, suna tsalle suna harbin iska, in an samu mai ɗan hali ya sayo farar riga da baƙar ɗamara a kasuwar Dole ta Damagaram, shi ke nan ya zama "metir", a biya shi jika a wata. Gida na biyu ƴan "mu gado muka yi" ne. Su a wurinsu ɗan Damargu da ya iya kokowa ya gama da duniya, sauran duk wasan Nasara ne. Ni na ce duka biyun yaudarar kai suke, kuma wadda ke biyan kuɗin yaudarar ita ce ƙanwata da taku, wadda ke taka sayyada daga ƙauye zuwa kolej kullum safiya, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda za ta ƙwace hannunta in an riƙe shi.

Bari in fara da ƴan waya, tunda su suka fi surutu. Ku da kuke bautar abin da ya fito daga waje, kun taɓa tambaya yadda aka haife shi? A 1947, a wata unguwar talakawa ta Honolulu da ake kira Palama, inda faɗan wuƙa ya zama ruwan dare, mutum biyar suka haɗu, kowa da fasahar da ya iya. Wani karate, wani judo, wani kenpo, wani damben Turawa da na Sinawa. Cikinsu akwai Adriano Emperado. Suka riƙa gwada dabarun juna da gaske, abin da ya yi aiki a titin unguwarsu su riƙe, abin da bai yi ba su zubar ko da kakan wa ya koyar da shi. Sunan da suka ba abin, Kajukenbo, guntayen sunayen fasahohin ne aka ɗinke, kamar rigar almajiri. Kafin su, wani injiniya ɗan Ingila, Edward Barton-Wright, ya komo daga Japan a 1898 ya haɗa jujutsu da dambe da shurin Faransawa da faɗan sanda, don mutumin Landan da ke komawa gida da dare da sandarsa a hannu. Shi kansa Bruce Lee da kuke liƙa hotonsa a bangon ɗaki, abin da ya yi a 1967 ke nan da ya kafa Jeet Kune Do: ya gaji da maimaita motsin da ba ya amfani ranar gaske.

Kun lura? Babu ɗaya cikinsu da ya kwafi wani. Kowa ya dubi hanyar da yake bi, da irin mugun da ke tare shi a kanta, da abin da ke hannunsa, ya gina a kan haka. To kai da ke kwaikwayonsu cikin rairayin Tarka da silifas, kana ɗaga ƙafa sama da kai, ka yi daidai abin da suka ƙi yi. Kada wani ya kawo mini Alfaga. Na san ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya na taekwondo a 2017, kamar yadda Issaka Dabore ya ciyo tagulla a dambe a 1972, kuma na yi tafi kamar kowa. Amma wannan wasa ne mai alƙali da sulke da maki, ya kuma ci masa shekaru na horo wurin masu koyarwa na gaske. Metir ɗinku na bayan tasha bidiyo uku ya kalla.

Yanzu ku, ƴan gado. Ina tare da ku rabin hanya. Kokowa dukiya ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga hannun ɗan kokowa bayan girbi, lokacin da gero ya shiga rumbu jiki ya murmure, ya san abin da nake faɗi. Ta koya maka kafa ƙafa, da sauke ƙugu, da jin nauyin mutum kafin ya motsa, da warware riƙo. Waɗannan su ne ginshiƙin duk wata fasahar kare kai a duniya, mu kuwa yaro ɗan shekara bakwai yana koyonsu a dandali kyauta. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kokowa ta samu filaye da rediyo da talabijin da kyautar miliyoyi. Filin Damagaram ma sunan ɗan kokowa ya ci, Langa-Langa. Madalla. Sai dai duk wannan girma a hanya guda ya tafi, hanyar kallo.

Ku tsaya ku duba abin da fage ya ɗauka a kan cewa tabbas ne. Abokin karawa ɗaya ne, kana ganinsa, ya yarda ya shigo. Ƙasa rairayi ce mai laushi. Akwai alƙali da usur. Ba wuƙa, ba sanda, ba wani na biyu a bayanka. Sannan babbar matsala: da an yi kaye an gama, makaɗa su ɗauka, cali-cali su shigo da barkwanci. A hanya kuwa kaye shi ne farkon bala'i. Wa ya taɓa koya wa ɗan kokowa yadda zai faɗi a kan tsakuwa bai fasa kai ba, ya miƙe da sauri, ya gudu? A fage gudu abin kunya ne, har a yi maka waƙar zambo. Ita kuwa yarinyar da aka tare a jeji tana ɗibar itace, gudun shi ne takobinta. Dambe ma haka. Yana koya maka auna nisa da shanye naushi ba ka rufe ido ba, amma ɓarawon waya ba zai jira ka naɗe hannu da zare ba.

Ga kuma abin da ba mu son a faɗa da ƙarfi, wato layu da maganin ƙarfe. Na ga saurayi a garinmu ya ba wani boka kuɗin da aka aiko masa na littattafai, ya sha rubutu da garin magani, ya fito yana neman wanda zai gwada masa wuƙa. Abin da wannan ke yi wa mutum shi ne ya tsayar da shi a inda ya kamata ya ruga. Wallahi wanda bai iya komai ba amma yana da tsoro ya fi shi kusa da komawa gida lafiya.

Na dawo kan ƴan mata, don nan ne abin ya fi ci mini rai. Yarinyar da ke dakan gero tun tana shekara goma, tana jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi, tana ɗaukar jarka a ka, wa zai ce ba ta da ƙarfi? Dabara ce aka hana ta, aka ce ba tarbiyya ba ce. A Landan, kafin yaƙin duniya na farko, wata ƴar guntuwar mata mai suna Edith Garrud ta koyar da jujutsu ga matan da ke fafutukar samun ƙuri'a, suna sanye da dogayen riguna har idon sawu, don da su za a tare su. Mu ma ba wanda ya ce a fitar da ƴan mata fage da walki. A cikin gida, mace ta koya wa mace, da zani da hijabi, tunda da su take tafiya. Iyayen da ke cewa kunya, ina roƙonsu da girmamawa su auna wace kunyar ta fi nauyi.

Wani abokina ya ce mini in aka koya wa samari faɗa, gobe rikicin gona da dabbobi zai ƙara zafi, ko mu wayi gari da irin ƴan palais na Damagaram. Maganarsa tana da nauyi, musamman a ƙasar da manomi da makiyayi ke shan ruwa a rijiya guda. Amma duk wanda ya kalli fim ɗin Aisha Macky a kan unguwar Kara-Kara ya ga cewa waɗancan samarin ba makaranta ce ta koya musu ɗaga ƙarfe da riƙe wuƙa ba, rashin aiki da wariya ne. Kuma abin da nake nema ba ya ƙara wa mai tsokana komai. Ƙwace wuyan hannu, fita daga shaƙa, faɗuwa, miƙewa, ihu da ƙarfi maimakon daskarewa, sanin lokacin da za ka miƙa waya da moto ga mai bindiga ba gardama. Da wanne cikin waɗannan za a kai wa wani hari?

Kayan haɗin duk suna nan cikin komin ɗin Tarka. Akwai tsofaffin ƴan kokowa da suka ajiye walki suna zaune a gindin bishiya ba mai tambayarsu komai. Akwai makiyaya, Fulani da Buzaye, da suka san yadda ake tare sanda da sanda fiye da duk wani Barton-Wright. Akwai langa da muka yi muna yara, wadda ba abin da ya kai ta koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Akwai mushen wasanni a kolej da ke sa mu zagaya fili sau biyar a rana tsaka don ya cika awarsa. A zaunar da su wuri guda kamar mutum biyar na Palama, a gwada, a zubar da abin da ba ya aiki ko na gado ne ko na bidiyo. Ba a bukatar ɗamara ko suna na Turanci. A fara da darasi guda, yadda ake ƙwace hannu ta wajen babban yatsan mai riƙo, a maimaita shi ranar Laraba da yamma har ƴar aji shida ta iya yi wa yayanta.