Baƙin mai 0W-20: Littafin mota ya fi bakanike gaskiya, amma ba a kan komai ba

Matashin da ya sayi mota 'yar Kwatano da ta fito daga Amurka sau da yawa zai ga an rubuta 0W-20, ko ma 0W-16, a kan murfin baƙin mai. Da ya je juye sai bakanike ya ce wannan ai ruwa ne, ba zai jure zafin Kano ko Sakkwato ba, ya ɗauko galan ɗin 20W-50. Shawarar tana da daɗin ji, amma a sababbin injina kuskure ce.

Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a ma'aunin zafi 100. Injin da ke da lafiya yana aiki ne a kusa da wannan zafin, ko a Toronto yake ko a Maiduguri, don na'urar daidaita zafi da lagireto ne ke riƙe da shi. Sababbin injina kuma suna da matsattsun hanyoyin mai, sannan tsarin VVT-i na Toyota da ire-irensa da ƙarfin tura mai suke sarrafa bawul. Mai mai kauri yana jinkirin isa saman inji idan aka tada mota da safe, a kuma lokacin ne ƙarafa suka fi cin juna. Camry ta 2018 mai injin lita 2.5, alal misali, 0W-16 Toyota ta rubuta mata a Amurka. Zuba mata 20W-50 tamkar cajin sabuwar waya ne da cajar gefen titi: za ta kama, ɓarnar sai daga baya.

Sai dai kamfanonin ma ba waliyyai ba ne. Babban abin da ya tura su ga siririn mai shi ne dokokin rage shan fetur da hayaƙi, irin CAFE ta Amurka, ba son injin ya daɗe ba. Ragin fetur ɗin da direba ɗaya zai gani ɗan kaɗan ne, amma idan aka haɗa miliyoyin motoci, kamfani ya tsira daga tara. A 2025 kamfanin General Motors ya janye motoci kusan 600,000 masu injin V8 na lita 6.2 a Amurka, ciki har da Tahoe da Escalade, saboda lahanin ƙira a cikin injin. Waɗanda suka tsallake bincike sai aka sauya musu 0W-20 da 0W-40. Wato da abin ya zo ga kare inji, kamfanin da kansa ya ƙara kauri.

Wannan ba lasisin zuba abin da aka ga dama ba ne. Littattafan Toyota da yawa sun yarda cewa mai da ya ɗan fi kauri zai iya fin dacewa idan ana tsula gudu ko ɗaukar kaya masu nauyi, kuma na Camry ɗin nan ya ba da damar 0W-20 idan ba a samu 0W-16 ba, da sharaɗin a koma a juye na gaba. Mataki ɗaya ke nan, ba tsalle zuwa 50 ba.

Littattafan motoci da yawa suna shafin kamfanoninsu kyauta, ana sauke su a waya cikin minti biyu. A duba shafin mai, a duba alamar API a jikin galan, a kuma saya a wurin dila sananne, don jabun mai ya fi kaurin da bai dace ba saurin kashe inji.